WAKILINMU A MAJALISAR TARAYYA: MISALI DAGA TARIHIN MALAM AMINU KANO

Kujera Ɗaya, Ƙasa Huɗu

Mu mutanen Gagarawa Tasha, da na Gumel, da Maigatari, da Sule Tankarkar, kujera ɗaya mu ke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya da ke Abuja. Kujerun majalisar nan duka 360 ne. Jihar Jigawa tana da 11 a ciki, tamu kuwa ɗaya ce daga cikinsu. Kowace shekara huɗu a kan kira mu mu fito mu nuna wanda zai zauna a kanta. Wanda muka nuna shi a ke kira wakili, ko ɗan majalisa.

Manyan ayyukan wakili uku ne. Na fari, shi da 'yan'uwansa wakilai su ke yin dokokin ƙasa. Na biyu, su ke duba kasafin kuɗin gwamnati na shekara, watau takardar da ke nuna nawa za a kashe wajen hanya, nawa wajen asibiti, nawa wajen makaranta. Na uku, su ke bin sawun ma'aikatu su ga ko an yi aikin da aka ba da kuɗinsa. Ban da haka, wakili shi ne bakinmu. In fari ya ƙone gero a Sule Tankarkar, ko an rufe iyaka kasuwar Alhamis ta Maigatari ta mutu, shi ya kamata ya tashi a zauren majalisa ya faɗa.

To, yaya za mu gane wakilin kirki? Tambayoyi uku za mu yi. Wace sana'a ya yi kafin ya nemi kujera? Sau nawa ya tsaya zaɓe, kuma wane irin zaɓe ne? Me ya iso hannun talaka daga aikinsa? Don mu koyi yin waɗannan tambayoyi, bari mu gwada su a kan mutumin da ya riga mu gidan gaskiya, kada wani ya ce muna yi wa wani talla. Mutumin nan shi ne Malam Aminu Kano. Labarinsa ya shafe mu, domin a zamaninsa ƙasar Gumel tana cikin Lardin Kano, daga baya kuma cikin Jihar Kano. Sai a 1991 aka yanke Jigawa.

Daga Allo Zuwa Siyasa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne mai aiki a kotun alƙali. Ya fara karatun allo a gida, sa'an nan aka sa shi makarantar boko. Ya yi Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta a 1942.

Aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauci. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma yi abota da Malam Sa'adu Zungur. A 1946 aka aika shi Ingila ƙarin ilmin koyarwa a birnin Landan. Da ya komo ya sa hannu wajen kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Daga nan aka ba shi shugabancin makarantar horon malamai ta Maru, cikin Lardin Sakkwato. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati, ya koma Kano ya shiga siyasa.

A ran 8 ga Agusta na shekarar nan wasu samari suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda a ke kira Jam'iyyar Neman Sawaba. Alamarta tauraro ce. A 1953 Malam Aminu ya zama shugabanta. Abin da su ke kira a kai shi ne a rage wa talaka zalunci, a bar sa shi aikin tilas, a gyara kotuna da hanyar karɓar haraji, a ba mata ilmi da ƙuri'a. Babbar abokiyar hamayyarsu ita ce NPC, Jam'iyyar Mutanen Arewa, mai alamar fartanya, wadda Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya shugabanta. Su kuma ra'ayinsu shi ne a bi gyara sannu a hankali tare da sarakuna, kada gaggawa ta raba kan Arewa.

Kun ga amsar tambaya ta fari ke nan. Malami ne mai albashi, ya bar albashinsa. Tun kafin ya nemi kujera mutane sun san abin da ya ke faɗa.

Zaɓen Hawa Hawa

Yanzu sai tambaya ta biyu. Amma kafin mu ƙidaya cin zaɓe da faɗuwa, wajibi ne mu san yadda a ke yin zaɓen a kowane zamani, domin ba iri ɗaya ba ne.

A 1951 zaɓe hawa hawa ne. Mazan ƙauye su taru su tsai da mutum. Waɗanda ƙauyuka suka tsayar su taru a gunduma su tsai da kaɗan daga cikinsu. Haka a ke ta tacewa har a kai taron ƙarshe na lardi, inda a ke fid da waɗanda za su tafi Majalisar Kaduna. A taron ƙarshen nan kuwa an yarje wa En'e, watau hukumar sarki, ta ƙara nata mutane da ba wanda ya zaɓe su. Abin ya yi kama da manomin da ya aika da gyaɗarsa tasha ta hannun dillalai huɗu. Kafin ta kai kan sikeli, ba lalle ne ta zama gyaɗarsa ba. A hawan fari 'yan NEPU sun sami rinjaye cikin birnin Kano, amma da aka kai hawan ƙarshe ko kujera ɗaya ba su samu ba.

A 1954 aka yi zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya, wadda a sa'an nan ta ke zama a Ikko. A Arewa har yanzu hawa hawa ne. Malam Aminu ya tsaya a Kano, Malam Maitama Sule na NPC ya kayar da shi. Shi ne wanda daga baya ya zama minista, ya kuma zama Ɗanmasanin Kano.

A 1956 aka yi zaɓen Majalisar Jihar Arewa ta Kaduna. Malam Aminu ya sake tsayawa cikin birnin Kano, Alhaji Ahmadu Ɗantata na NPC ya kayar da shi. Faɗuwa ta biyu ke nan. A shekarun nan magoya bayansa da yawa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda siyasa. Duk da haka bai fasa ba, bai kuma sake jam'iyya ba.

Zaɓen 1959

A ran 12 ga Disamba 1959 aka yi zaɓen da ya sha bamban da na baya. Wannan karo kowane namiji da ya kai shekara 21, in an rubuta sunansa, shi da kansa zai jefa ƙuri'arsa a asirce. Ba dillali tsakaninsa da ɗan takara. Kowane ɗan takara yana da akwatinsa mai ɗauke da alamar jam'iyyarsa. Mutum ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya jefa takardarsa cikin akwatin fartanya, ko na tauraro, ko wani, ya fito. Mata a Arewa ba a ba su ƙuri'a ba, ko da ya ke matan Kudu sun jefa.

Kujerun majalisa a lokacin 312 ne, 174 na Arewa. NPC ta ci 134. NEPU ta ci 8 kacal. Ɗaya daga cikin takwas ɗin nan ita ce ta Kano ta Gabas, wadda Malam Aminu ya ci. Mai haƙuri ya kan dafa dutse ya sha romonsa.

Ku lura da abu guda. Mutumin bai sake ba, maganarsa ba ta sake ba. Hanyar zaɓe ce ta sake. Saboda haka in an ce muku wane ya ci, ko wane ya faɗi, ku tambaya: su wa aka bari suka jefa ƙuri'a, a fili ko a asirce, wa ya ƙidaya?

Shekara Biyar A Ikko

Ba jam'iyyar da ta sami kujerun da za su isa ta kafa gwamnati ita kaɗai. Sai NPC ta haɗa kai da NCNC ta Dokta Azikiwe, mai alamar zakara. NEPU kuwa ƙawar NCNC ce. Don haka Malam Aminu ya zauna a sashen gwamnati a Ikko, alhali a gida Arewa shi ɗan hamayya ne. Firayim Minista kuwa shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa na Midil ta Bauci. Wannan majalisa ce ke zaune sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960.

Aka ba Malam Aminu muƙamin mataimakin bulaliyar majalisa na sashen gwamnati. Aikin bulaliya shi ne ya tattaro wakilan sashensa, ya tabbata sun hallara ran da za a yanke magana. An kuma sa shi cikin wakilan Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya a Amurka. Ba a ba shi minista ba.

A ran 30 ga Disamba 1964 aka sake zaɓe. NEPU tana cikin wani babban ƙawance mai suna UPGA. Ƙawancen nan ya yi kukan cewa an hana 'yan takararsa da yawa tsayawa, ya ce magoya bayansa su ƙaurace wa zaɓen. Amma a Arewa ba a fasa zaɓe ba. Aka ƙidaya ƙuri'un waɗanda suka fito, Alhaji Mahmudu Ɗantata na NPC ya karɓe kujerar Kano ta Gabas. Nan akwai darasi. Wanda ya zauna gida ran zaɓe ba a ƙidaya fushinsa. Ƙuri'ar da ta shiga akwati ita kaɗai a ke ƙidayawa.

Bayan shekara ɗaya da 'yan kwanaki, ran 15 ga Janairu 1966, soja suka kifar da gwamnati. Aka rufe majalisa, aka soke jam'iyyu duka.

Zamanin Soja Da Zaɓen 1979

A 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jiha 12, aka kafa Jihar Kano da mu a ciki. Ya ɗauki Malam Aminu kwamishinan tarayya, watau kamar minista. Ya riƙe ma'aikatar sadarwa daga 1967 zuwa 1971, sa'an nan ma'aikatar lafiya daga 1971 zuwa 1974. Wannan naɗi ne, ba zaɓe ba. Ku riƙa bambanta su. Wanda aka naɗa, wanda ya naɗa shi ke iya sauke shi. Wanda aka zaɓa, masu ƙuri'a ke iya sauke shi.

Ya zauna cikin majalisar da ta duba sabon tsarin mulki a 1977 da 1978. Da aka buɗe fagen siyasa a 1978 ya shugabanci jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi. A 1979 ya tsaya neman shugabancin ƙasa. A wannan shekara ce matan Arewa suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa karo na fari, aka kuma mai da shekarun mai zaɓe 18. Dattawa maza da mata na garuruwanmu da suka jefa ƙuri'a a zaɓen nan, waɗansunsu suna nan da rai. Ku tambaye su.

'Yan takara biyar ne. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci da ƙuri'a 5,688,857. Malam Aminu ya zo na huɗu da ƙuri'a 1,732,113. Amma a Jihar Kano shi ya fi kowa, da nisa. PRP ta ci gwamnan Kano, Alhaji Abubakar Rimi, da gwamnan Kaduna, Alhaji Balarabe Musa. Ta kuma ci kujera 49 cikin 449 na Majalisar Wakilai. Ɗaya daga cikin wakilan nan shi ne Alhaji Sule Lamiɗo na Birnin Kudu, wanda ya yi gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015.

Ba da daɗewa ba jam'iyyar ta rabu biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnonin. Ana shirin zaɓen 1983 Allah ya yi masa rasuwa, ran 17 ga Afrilu 1983, a gidansa na Gwammaja cikin Kano. Allah ya ji ƙansa, ya ji ƙan abokan hamayyarsa da suka riga mu.

Lissafi

Ga zaɓe biyar ɗin da muka bi, a jere. Ku kwafe su cikin littattafanku.

1954, Majalisar Tarayya, ya faɗi.
1956, Majalisar Arewa, ya faɗi.
1959, Majalisar Tarayya, ya ci.
1964, Majalisar Tarayya, ya faɗi.
1979, shugabancin ƙasa, ya faɗi.

Ci ɗaya, faɗuwa huɗu. Shekara 33 yana siyasa, biyar kaɗai ya yi a kan kujerar wakili. Wanda ya tsaya a kan lissafin nan kurum zai ce mutumin bai yi komai ba. Shi ya sa mu ke da tambaya ta uku: me ya iso hannun talaka?

A 1979 gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Magidanci a ƙasar Gumel ya huta da biyan kuɗin kai, makiyayi ya huta da biyan kuɗin saniya. Ƙuri'ar mata, wadda ya yi shekaru yana nema tare da su Hajiya Gambo Sawaba, ta tabbata. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya, don a ci gaba da yaƙi da jahilci irin wanda mu ke yi a ajin nan. Ba shi kaɗai ya yi waɗannan ba, ba kuma duk abin da ya nema ya samu ba. Jam'iyyarsa ma ta tsage yana raye. Amma abubuwan nan uku kowa na iya nuna su da yatsa.

Saboda haka yawan cin zaɓe ba shi ne mudun awon wakili ba. Wani ya kan daɗe a kan kujera ba a ji muryarsa ba. Wani ya kan yi zama ɗaya ya bar abin tunawa.

Mu Komo Gida

Kujerarmu ma tana da nata lissafi. A 2015 aka zaɓi Malam Sani Zoro, ɗan jarida, wanda ya taɓa shugabancin ƙungiyar 'yan jarida ta Nijeriya. A majalisa ya shugabanci kwamitin da ke kula da 'yan gudun hijira. A 2019 kujerar ta koma hannun Alhaji Nazifi Sani, aka sake zaɓensa a 2023. Ba za mu yanke muku hukunci a kan kowa ba. Ku ɗauki tambayoyin nan uku ku gwada a kansu, da duk wanda zai zo neman ƙuri'arku nan gaba, kowace jam'iyya ya fito.

Kujerar nan aro ce. Ba gado ba ce, ba sarauta ba ce. Bayan shekara huɗu ta kan komo hannunmu. Har ma tsarin mulki ya ba mu ikon yi wa wakili kiranye tun wa'adinsa bai cika ba, in fiye da rabin masu rajista na mazaɓa sun sa hannu a takardar koke, aka kuma yi ƙuri'ar jin ra'ayi ta tabbatar.

Ga inda karatu ya ke da rana. Yau ba a ajiye wa kowane ɗan takara akwatinsa. Takarda ɗaya a ke ba mutum, alamun jam'iyyu da haruffansu suna jere a kanta, ya dangwala yatsa a gaban wadda ya ke so. In tawada ta hau gida biyu, ƙuri'a tana iya lalacewa. Mai karatu ya kan duba alama, ya kuma karanta haruffa, ba ya bukatar kowa ya nuna masa. In an gama jefawa, a nan rumfar zaɓe a ke ƙidaya a gaban jama'a. Malamin zaɓe ya faɗi adadi da ƙarfi, ya rubuta, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna takardar a bango. Wanda ya iya lamba sai ya matsa ya karanta, ya rubuta cikin littafinsa. In an faɗi wani abu dabam daga baya, yana da shaida. Gani ya kori ji.

Haka kuma alkawari. In ɗan takara ya zo Gagarawa Tasha ya ce zai nemo rijiyar burtsatse, ko gyaran asibiti, ko taki, ku rubuta abin da ya faɗa, da ranar, da wurin. Ku ajiye takardar inda gara ba za ta ci ba. Ran da ya komo neman wani zama, ku fito da ita ku karanta masa cikin ladabi. Baki ya kan manta, takarda ba ta mantuwa.

Abu na ƙarshe, kada mu sayar da ƙuri'a. Wanda ya karɓi sabulu ko taliya ko 'yan kuɗi ran zaɓe, ya ci ladan shekara huɗu a yini ɗaya, ba shi da bakin tambaya kuma. Iyayenmu na 1951 ƙuri'arsu ta bi ta hannun dillalai. Iyayenmu mata sun jira har 1979. Mu tamu tana hannunmu. Wanda ya kai shekara 18, namiji ko mace, ya je ya yi rajista ya karɓi katinsa, ya kuma dage da zuwa aji.

Tambayoyi

1. Ƙananan hukumomi nawa ne suka haɗu a kan kujerarmu? Rubuta sunayensu.
2. Faɗi manyan ayyukan wakili guda uku.
3. Mene ne bambancin zaɓen 1951 da na 1959?
4. A wace shekara Malam Aminu ya ci zaɓen Majalisar Tarayya? Shekara nawa ya yi a kujerar?
5. Mene ne bambancin naɗi da zaɓe?
6. Kujera 360 ne a majalisa, Jigawa tana da 11. Nawa ne na sauran ƙasa?
7. Rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga wakilinmu, ka gaya masa abu ɗaya da garinku ya fi bukata.